Faifan da Kawu Mande Ya Bi Har Tsibiri

Duk wanda ya san Kawu Mande a Talata Mafara ya san abu biyu da ke rataye a babur ɗinsa: zarto a dama, gwangwanin jan fenti a hagu. Mutane in sun shiga gidan 'yan uwa ƙofar ɗaki suke nufa su yi gaisuwa. Shi Kawu gindin rijiya yake fara nufa. Bakinsa yana amsa "lahiya lau", hannunsa yana murza igiyar guga. In ya tsaya da murzawa ya yi shiru, to ku yi bankwana da igiyarku. Zai ɗiga mata jan fenti, ya zaro wuƙa, ya yanka ta guntu-guntu kamar mai rabon naman layya.

Ni Luba, 'yar ƙanwarsa, na tashi ina ganin wannan aiki, kuma ban taɓa ganin ranar da aka gode masa ba.

"Yaya, igiyar ga ko zare ɗaya ba ta saki ba," in ji Inna, mahaifiyata, ran da ya yanka tamu.

"Shi ya sa na yanke ta yau. Da ta saki, ai ba ni za ki kira ba."

"To bar min ita in ɗaure akuya."

"Akuya ta tsinke ta, yaro ya tsinta ya ƙulla, ta koma rijiya. Na san ku."

Ya bar mata guntayen da ko kaza ba za su ɗaure ba, ya zauna ya sha furarta, ya ce ta yi tsami.

Kada wanda bai san shi ba ya ɗauka almubazzari ne. Kawu marowaci ne na gaske. Silifansa an ɗinke su da waya har wayar ta fi robar yawa. Na taɓa ce masa, "Kawu, takalmin ga bai isa jan fenti ba?"

"In ya tsinke wa zai mutu?"

"Mutuncinka."

"Wannan ya daɗe da tsinkewa, ga ni kuma ina yawo."

Dokarsa ke nan. Abin da ran mutum bai rataya a kansa ba, a yi ta lallaɓa shi har ya zama ƙasa. Abin da rai ya rataya a kansa kuwa yana da ranar sauka, ko yana walƙiya.

A Legas ya ɗauko wannan ciwon. Shekarun ƙarfinsa duka a rumfar gyaran jiragen sama ya yi su, a wani kamfani da ya daɗe da rufewa. Shi ba injiniya ba ne, kuma bai taɓa cewa shi ne ba. "Ni ne mahaucin wurin," haka yake faɗa. A cikin injin jirgi, in ji shi, akwai faya-fayan ƙarfe da ke riƙe da farfela, suna juyawa cikin wuta da gudun da ido ba ya kamawa. Duk tashi da sauka ɗaya, ƙarfen ya yi zafi ya miƙe, ya huce ya koma, kamar ka yi ta lanƙwasa cokali kana miƙarwa. Masu ƙera faifan sun gwada shi, sun yanke masa iyakar tashi da saukar da zai yi, hukuma ta mai da iyakar doka. Ran da lissafi ya cika, cire shi za a yi, ko da ya fi tiren amarya ƙyalli. Ba a gyara shi, ba a ƙara masa tafiya ɗaya don matuƙi ya roƙa. Sai a kawo wa Kawu ya yanka shi, don kada wani mai wayo ya wanke ya sayar.

"Ƙarfe shina gajiya," ya kan ce, "amma ba ya nishi. Jaki ya fi shi kirki."

Na ce masa, "To faifan jirgi masu ƙerawa sunka yanke mishi kwana. Igiyar Inna wa ya ba ka lissafinta?"

"Tunda mai igiya bai faɗa ba, ni zan faɗa. Gara ƙauyanci na da gawarki."

Yana da wata doka kuma da ya ƙara da kansa bayan ya dawo gida: guntayen abin da aka yanka ba a zubar da su wuri ɗaya. "A Legas in ka raba ƙarfe biyu ya mutu. A Mafara akwai masu walda."

Kun tuna maganar makara. Ta katako ce, ta masallacin unguwarmu, tun kakanninmu ake ɗaukar mutane da ita. Wata rana bayan azahar aka ji ƙarar zarto a bayan masallaci. Kafin liman ya iso, Kawu ya gama da ƙafa biyu.

"Malam Mande, mamaci ai ba ya jin faɗuwa," in ji liman.

"Ɗansa da ke riƙe da ƙafar makara shina ji."

Aka tsare shi sai ya biya. Ya sayar da ragon layyarsa ya sa aka ƙera ta ƙarfe. Ladan, wanda taubashinsa ne, ya zagaya sabuwar makarar ya ƙwanƙwasa ta. "Tunda kai ka saya, kai za ka buɗe ta."

"Babba ke fara sa hannu a akushi," in ji Kawu. "Bisimilla."

Cikinsu ba wanda ya buɗe ta. A makon nan aka kawo manoman da 'yan bindiga suka tarar a gona, kuma tun daga nan makarar ba ta huta ba. Bayan kowace jana'iza Kawu kan tsuguna ya bi waldarta da yatsa. Sau ɗaya na ji ya ce wa Inna, "Ba wanga aiki na lissafa mata ba."

Yanzu ga abin da ya kashe shi. Zan faɗa yadda ya faru, wanda zai ji haushi ya ji.

Tun rasuwar Babanmu, injin niƙan da ya bari shi ke ciyar da mu, ni nake tsayawa a kansa. A gefen injin akwai ƙaton faifan ƙarfe da bel ke ja. Faifan ya girme ni, kuma ya taɓa faɗowa daga mota lokacin da muka sake gida. Bara da kaka Kawu ya ce kwanansa ya ƙare. Inna ta yi kuka, ta yi faɗa, ya yi kamar da bango take. Ya taɓa fanshonsa, abin da ba ya yi ko da Sallah, ya sayo mana sabo. Ya kwantar da tsohon a zaure, ya shafe shi da jan fenti, ya ɗora zarto. Sai aka yi sallama.

Baba na Dakko ne, mahaifin Anti Kulu matar Kawu. Da kaɗan ya girmi Kawu, amma suruki suruki ne. Kawu ba ya faɗin sunansa, ba ya cin abinci a gabansa, ba ya kallon idonsa. Mutumin da ya yi wa liman tsaye, sai ga shi ya tuɓe silifa ya tsuguna har gemunsa na taɓa gwiwa. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi gajiya, aka tambayi shanu da ruwa da mutanen Dakko ɗaya bayan ɗaya. Duk wannan lokaci idon Baba yana kan faifan.

"Wanga ƙarfe, mi za a yi da shi?"

"Yankawa za a yi, Baba."

"Asha. Ga firamaren garinmu ko ƙararrawa ba ta da ita. A rataye shi a bishiya, yara su ji."

Ina bayan ƙofa ina yi wa Kawu alama da kai, da hannu, har da ƙafa. Bai ɗago ba.

"To, Baba."

Da hannunsa ya ɗaure masa shi a bayan babur. Da ƙurar ta lafa na fito. "Kawu, kai da ka yanka makarar masallaci?"

"Masallaci bai ba ni ɗiya ba."

Ya yi ta lallashin kansa wai abin da ke rataye a bishiya ba ya juyawa. Sai Anti Kulu ta je suna Dakko ta dawo. Ta ce ta wuce ta gaban firamare, ba abin da ke rataye a bishiya sai gidan tsuntsu. Ta ce kuma yaran gida sun gaya mata sun kwana biyu suna dirje wani ƙarfe da kananzir da yashi.

Kawu ya daina cin abinci. Ga hawan jini da ke gare shi, ga shi ba zai iya buɗe baki ya tambayi surukinsa wa ya sayar wa ba. Da na gaji da kallonsa na ce ya ɗauke ni mu tafi. A Dakko shi ya tsuguna a ƙofar gida yana jero gaisuwa, ni na wuce kansa.

"Baba, faifan nan wa ka sayar wa?"

Tsohon ya dube ni, ya dubi Kawu. "Ɗiyar ga ba ta da kunya?"

"Ta ƙare a gidanmu, Baba. Kawu ya kwashe duka."

Ya yi tsaki, amma ya faɗa: wani mai tsofaffin ƙarafa a Bakura. Mai ƙarafan muka same shi yana auna gwangwani, ya ce tuni faifan ya wuce, wani mutumin Tsibiri ta wajen Maradun ya ɗauka. Har yabon sa yake yi. "Ƙarfen da ne, yanzu ba a irinsa. Da tsohuwar zuma ake magani, Alhaji."

"Zuma ba ta juyawa kusa da kan mutane," in ji Kawu.

Nan na ce mu koma gida. Kowa ya san hanyar Maradun a shekarun nan. Na ce masa mun yi iyakar ƙoƙarinmu, ƙarfe ba namu ba ne yanzu, wanda ya saya ya ji da shi. Ya jingine babur a gindin wata bishiya ya zauna a ƙasa, ya ba ni labarin da ko Inna ba ta taɓa ji ba.

Wata rana a Legas an gama gyaran wani inji, ana gwada shi a ƙasa. Abokinsa, wani mai share rumfa, yana tsaye can nesa yana cin burodi. Faifai ya fashe a cikin injin. Guntun ya keta bangon ƙarfe kamar takarda, ya tsallake duk injiniyoyin da ke kusa, ya je ya sami mai burodi. Daga baya aka gano faifan na hannu ne, daga waje aka sayo shi, an rage masa shekaru a takarda.

"Wani mahauci a wata ƙasa bai yi aikinsa ba," in ji Kawu. "Wataƙila shi ma wani babba ya roƙe shi." Ya dube ni. "Luba, ke ke niƙa. Su wa ke tsayawa gefen inji?"

Na sani. Mata ne da 'yan mata, kowace da kwanonta.

Da muka koma gida Inna ta roƙe shi kada ya je, Anti Kulu ta ɓoye masa makulli, sai da ya fara haɗa wayar babur da hannu ta fito da shi. Muka bi ayarin motocin kasuwa da safe, ni a baya da ledar maganinsa. Hanya shiru. Ga dawa ta bushe a tsaye a gonaki ba mai yanka. A haka muka yi ta tafiya har muka sauka daga kwalta.

A Tsibiri ƙarar injin ce ta yi mana jagora. Yana ƙarƙashin wata rumfar kara, mata sun yi layi har waje. Faifan yana gudu. Dirzar yaran Dakko ba ta kai cikin lungunansa ba, don haka in yana juyawa sai ka ga wani siririn zobe ja a tsakiyarsa. Wata mata ta juya baya tana gyara buhu, kan jaririn da ta goya daidai da zoben.

Ran nan na ga Kawu ya shiga wuri ba sallama. Ya wuce kowa ya kashe injin.

Mai injin, Sahabi sunansa, ya taso da gari har gira. "Tsoho, lahiya?"

"Faifan ga nawa ne. Matacce ne. Kuskure anka yi ya fito."

"Tun da na ɗaura shi ko tari bai yi ba."

"Ba ya tari."

Sahabi ba mugu ba ne, wannan zan faɗa. Ya nuna mana layin matan. Ya ce sauran masu inji duk sun kwashe sun bar gari, nasa kaɗai ya rage. In ya tsaya, ko matan nan su koma turmi, ko su ɗauki hatsi a ka su bi hanyar da muka biyo. "Kai kana tsoron ƙarfen da bai taɓa kowa ba. Su suna tsoron abin da ke taɓa mutane kullum."

Kawu ya juya wajen babur ɗinsa. Sai ya zare makullin da ya ƙwato daga Anti Kulu da ƙyar, ya miƙa. "Hau babur ɗin ga ka tahi Mafara ka sayo sabo. Babur ya zama naka."

Babur ɗin da ko matarsa ba ta isa ta jingina da shi ba. Sahabi ya zagaya shi, ya duba tayoyi, ya ga sababbi ne, don Kawu ba ya wasa da taya. Ya karɓa. Matan suka kwashi kwanukansu suna tsine mana. Wata tsohuwa ta tsaya gaban Kawu ta ce, "Allah ya isa tuwon darena." Ya ce, "Amin, Gwaggo."

Na ce mu ɗora faifan a mota mu yanka a gida. Ya ce abin da ya kuɓuce masa sau ɗaya ba ya sake hawa hanya da rai. Ya zauna a rana ya ɗora zarto. Ƙarfen da ne, kamar yadda mai Bakura ya faɗa. Haƙoran zarto suka yi ta karyewa yana sakewa. Na karɓa na ja har hannuna ya yi kanta, ya ƙwace ya ce ina karkata. Na ba shi magani ya ce sai ya gama. Gumi ya jiƙe rigarsa, jijiyar goshinsa ta tashi kamar igiya. Mutanen gari suka taru suna jiran ganin ruɓar da ta kawo tsoho tun daga Mafara.

Bayan la'asar faifan ya rabe biyu. Kowa ya leƙa. Cikinsa tas, yana sheƙi kamar yau aka zuba shi. Ba tsaga, ba rami, ba komai.

Aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Ji na yi kamar in ɗauki rabi in jefe shi da shi. "Kawu, lahiyarsa lau."

"Alhamdu lillahi." Yana haki, amma fuskarsa ta saki, rabon da in ga haka tun zuwan Baba na Dakko. "Duk wanda na yanka a Legas haka na same shi. Haka ake so. Ran da ka yanka ka ga tsaga, ka san ka makara, sa'a ce kawai ta rufa maka asiri."

Ko faifan nan da zai fashe, ban sani ba. Shi ma bai sani ba. Ba kuma wanda zai taɓa sani, kuma wannan ne ke ci mini rai har yau.

A bayan a-kori-kura muka dawo, guntayen biyu a ƙarƙashin ƙafafunmu. Kafin mu kai Mafara ya jingino da kafaɗata. Na ɗauka barci ne, har na ture shi na ce yana da nauyi. Sai na ga bakinsa ya karkace.

A asibiti magana ba ta dawo ba. Hannun hagu kaɗai ke motsi. Duk lokacin da na shiga sai ya ɗaga yatsu biyu ya raba su. Anti Kulu ta ce kalmomin shahada biyu yake nufi, Inna ta ce yaransa biyu da ke Kaduna yake nema. Na sunkuya na ce masa, "Na ji, Kawu. Ba wuri ɗaya ba." Ya sauke hannun. Bai ƙara ɗaga shi ba.

Ta tsagar ƙofar zaure na ga fitarsa. A kan makararsa aka ɗauke shi, ladan yana riƙe da gaba, hawaye na bin gemunsa. Da suka juya, na hangi ƙafar baya ta dama. Akwai ɗigon jan fenti a kanta, sabo. Ashe ita ma ya riga ya yanke mata kwana, lokacin yankawa ne bai samu ba. Na gaya wa ladan, ya ce shi zai ja zarton da kansa.

Ran sadakar uku Baba na Dakko ya zo ta'aziyya. Ya yi addu'a mai tsawo, ya share ido. Da zai fita ya tsaya a zaure inda na jingine guntayen, ya taɓa ɗaya da sandarsa.

"Ikon Allah. Yankan ya tahi daidai kuwa. Ai mai walda in ya iya hannunsa…"

"Baba," na ce, "ni ba ka ba ni ɗiya ba."

Inna ta ce na zubar mata da mutunci. Ta yiwu. Da yamma na jefa rabi ɗaya a masai. Ɗayan na ɗaure a zane na shiga mota har Bakura, na tsaya a bakin gulbi inda ruwa ya fi zurfi na sake shi. Mai waldar da zai haɗa su sai ya yi nutso biyu, ɗaya kuma ba zai so shi ba.

Sahabi ya ɗaura sabon faifai, an ce injinsa na aiki. Matan Tsibiri ba su san sunan Kawu ba, sai dai "tsohon nan da ya hana mu niƙa". Shekaranjiya na fito na tarar da Inna a gindin rijiya tana murza igiya. Ta daɗe tana murzawa, sannan ta yi shiru. Ba ta juyo ba ta ce, "Luba, ina wuƙar Yaya?"

Allah ya jiƙan Kawu Mande. Ya Allah, bawanka ne mai taurin kai, mai rowa, ya yanka mana abubuwa da yawa muna zagi. Ka ƙidaya masa mutanen da suka kwana lafiya ba su san dalili ba, mu ba mu iya ƙidaya su. Ka yalwata kabarinsa, ka ba shi hutun da ya hana kansa. Amin.